Me Masoyan David Lynch Suke Gani a Finafinansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya ishe ni da zancen David Lynch, har ya tura min Mulholland Drive a waya. Sau biyu na kalla, ban gane kansa ba balle gindinsa. Mutanen da na sani a farko sai suka canja suna a ƙarshe. Da gaske akwai abin da masoyansa ke gani, ko kowa kunyar cewa bai gane ba yake ji? In akwai, ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai abin gani, kuma mai yawa. Ranar da na fara kallon fim ɗin nan, da za a ce in ba da labarinsa da na kasa, amma sai da na kwana uku ƙirjina a cushe kamar an yi min rasuwa. Labarin ya kuɓuce min, baƙin cikin ya zauna daram. Tun daga ranar nake bin aikin mutumin nan.

Lynch mai zane ne kafin ya riƙe kyamara. An haife shi a 1946 a garin Missoula na jihar Montana a Amurka, ya yi makarantar koyon zane a Philadelphia. Ya sha ba da labarin ranar da yake zana wani lambu cikin duhu, sai ya ga kamar ganyen na motsi, ya ji kamar iska na kaɗawa daga jikin allon. Daga nan ya ƙudurta yin zane mai motsi da sauti. Salon da ake danganta shi da shi, wato suriyalizim, ya girme shi: André Breton ne ya shelanta shi a birnin Paris a 1924, Luis Buñuel da Salvador Dalí suka kai shi majigi a 1929. Manufarsa ita ce a bar mafarki ya yi magana da harshensa.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kano mun saba da labari mai kai da ƙafa, shi ya sa muke zuwa wa Lynch da mudun da ba nasa ba. Tuna wani mafarki da ka taɓa yi. Kana cikin gidanku, amma ɗakin na makarantar kwana ne. Mai yi maka magana kawunka ne, amma fuskar wani ce daban. Ba ka yi musu ba a lokacin, kuma tsoron da ka farka da shi na gaske ne. Da wannan hankalin ake kallonsa.

Yanzu mu dawo kan fim ɗinka. Lynch bai taɓa yarda ya fassara shi ba, amma fahimtar da ta fi yaɗuwa, wadda ni ma na gamsu da ita, ita ce wannan. Betty mai fara'a, wadda ta sauka Los Angeles kowa na yaba gwanintarta, mafarkin Diane ce. Diane ta zo Hollywood neman suna ba ta samu ba, Camilla kuma, wadda ta shaƙu da ita har abin ya zame mata ciwo, ta ɗaukaka ta juya mata baya. Kishi ya sa ta biya a kashe Camilla. Sai ta kwanta ta yi mafarkin duniyar da kisan bai yiwu ba, inda Camilla ta manta ko ita wace ce, ba ta da kowa sai ita. Canjin sunayen da ya rikita ka farkawa ce.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne gidan rawar nan mai suna Silencio. Betty da Camilla na zaune, mai gabatarwa ya faɗa musu ƙarara cewa babu makaɗa, duk naɗaɗɗen sauti ne. Sai mawaƙiya Rebekah Del Rio ta fito tana waƙa da Sifaniyanci, matan biyu suna ta hawaye. Ana tsaka da haka mawaƙiyar ta yanke jiki ta faɗi, muryar kuwa ta ci gaba. Duk wanda ya taɓa share hawaye a kan waƙar fim, alhali ya san jarumar baki kawai take motsawa, muryar ta wata ce a situdiyo, ya san wannan hali. An gaya maka ƙarya ce, amma zuciyarka ta ƙi ji. Halin da Diane take ciki ke nan dab da farkawa.

Abin mamaki, tashar ABC aka fara yi wa aikin a matsayin shiri mai dogon zango, ta ƙi karɓa a 1999. Kamfanin StudioCanal na Faransa ne ya ba da kuɗi aka ƙarasa shi. Fim ɗin ya ba Lynch kyautar gwanin darakta a bikin finafinai na Cannes na 2001, kuma a 2016 masu sharhi 177 da BBC ta tambaya suka ɗora shi a kan gaba cikin finafinan wannan ƙarni.

A talabijin kuwa, Twin Peaks ce ta tara masa masoya. Shi da Mark Frost suka fara ta a 1990: an tsinci gawar wata ɗaliba, Laura Palmer, naɗe cikin leda a bakin ruwa, jami'in FBI Dale Cooper ya zo bincike wani ƙaramin gari da kowa ke murmushi, kowa kuma na ɓoye wani abu. Ka saurari maganar mutanen jan ɗakin nan na mafarkin Cooper. 'Yan wasan sun furta kalmomin ne daga baya zuwa gaba, aka naɗa, sannan aka juya faifan. Kana gane abin da suke faɗa, amma tsigar jikinka na tashi. Ga kiɗan Angelo Badalamenti da ke sa ka kewar yarinyar da ba ka taɓa gani da rai ba. Tashar ABC ta matsa sai an bayyana makashin a zango na biyu, abin da Lynch bai so ba, kuma a ganina shirin ya yi sanyi bayan nan. Ya dawo da shi a 2017 cikin kashi 18. Kashi na takwas, wanda ya koma gwajin bam ɗin nukiliya na farko a New Mexico a 1945 yana neman tushen sharri, ban ga kamarsa a talabijin ba.

Shawarata, fara da The Straight Story na 1999. Labarin gaskiya ne na wani dattijo, Alvin Straight, mai shekara 73, da ya hau injin yankan ciyawa ya yi tafiyar kusan kilomita 390 daga Iowa zuwa Wisconsin don ya duba ɗan'uwansa da ya kwanta ciwo. Babu ruɗani a ciki, kuma za ka iya kallo da iyali. Sai The Elephant Man na 1980. Waɗannan biyun za su nuna maka tausayin mutumin, wanda shi ne a ƙarƙashin duk duhun nan. Daga nan ka shiga Twin Peaks. Eraserhead na 1977 da Inland Empire na 2006 ka bar su sai ƙarshe. Ka kuma sani cewa Blue Velvet da Lost Highway da shi kansa Mulholland Drive suna da tsiraici da cin zarafi, ba na zaman falo da yara ba ne, kuma wanda ya ga bai dace da shi ba ya bar su, babu aibi.

Lynch ya rasu a Janairun 2025 yana da shekara 78, bayan fama da ciwon huhu. Yana raye ya tsani a kalli fim a waya, domin rabin aikinsa a kunne yake: ƙugin lantarki, iska, shirun da ba shiru ba. In za ka yi wa Mulholland Drive kallo na uku, nemi babban allo, kashe fitila, ƙara sauti. Ka zuba ido tun farko, bayan masu rawa sun wuce, kafin sunan titin Mulholland Drive ya bayyana. Za ka ji numfashin wani, ka ga kyamara tana nutsewa cikin matashin kai.