Tambaya da Amsa: Alƙalumanmu Sun Ƙi Jituwa da na Akanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen sayarwa na wani kamfani mai rarraba kaya. Bara aka sayo mana Power BI don mu riƙa ganin halin da kasuwanci yake ciki a allo guda. Amma duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki a taro, cinikin da muka kawo daban, wanda akanta ya kawo daban. Manhajar ce ba ta da kyau? Mu canza ta? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ku canza. Ko wata manhajar irin su Tableau kuka koma, rigimar za ta bi ku can, domin manhaja abin da aka zuba mata shi take tattarawa. Ina kyautata zaton ku kuna ƙirga ciniki ne tun ranar da kwastoma ya ba da oda, shi kuwa akanta sai an kai kaya an yanke takardar biya, sannan ya cire waɗanda aka dawo da su. Kowannenku yana da gaskiya. Kalmar "ciniki" ce kuke ba ma'ana biyu.

Na taɓa zama a wani taro inda aka kwashe kusan awa biyu ana musu kan yawan kwastomomi, har murya ta fara tashi. Ashe wani sashe duk wanda ya taɓa saye yake ƙirgawa, har da wanda ya shekara uku bai leƙo ba, ɗaya sashen kuma sai wanda ya saya cikin kwana 90. Babu wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa me yake nufi.

Abin da za ku yi aikin takarda da biro ne. Kowane ma'auni a rubuta sunansa, yadda ake lissafa shi, inda ake ɗauko alƙalumansa, ranar da ake rufe lissafi, da sunan mutum ɗaya da za a tuhuma idan ya sauya. Mutum ɗaya na ce, domin idan aka bar wa kwamiti, kowa sai ya nuna wani. Inda kuma akwai lissafin da aka riga aka yarda da shi, ku ɗauke shi yadda yake. Saurin juyawar kaya a sito, alal misali, kuɗin sayen kayan da aka sayar ne a raba da matsakaicin darajar kayan da ke ajiye. Haka ma'aunin NPS, na gane ko kwastoma zai tallata ku ga wasu, da Fred Reichheld ya fitar a 2003: kwastoma ya ba da maki daga 0 zuwa 10, a ɗauki kason waɗanda suka ba da 9 ko 10 a cire kason masu 0 zuwa 6. Da zarar kun saka masu 8 cikin na sama don lamba ta yi kyau, ba za ku iya kwatanta kanku da kowa ba.

Kuma kada ku cika allon da kuɗi kaɗai. Tun 1992 masana harkar kasuwanci Robert Kaplan da David Norton suka ba da shawarar a duba ɓangare huɗu: kuɗi, kwastoma, tafiyar aiki a cikin gida, da ƙaruwar ilimin ma'aikata.

Inda nake jin tsoro shi ne ranar da za a ɗaura alawus ɗinku a kan lamba guda. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatansa kan yawan asusun da suke buɗewa, sai suka dinga buɗewa ba da sanin masu su ba. A 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, an kuma bayyana cewa a 'yan shekarun da suka gabaci hakan an sallami ma'aikata kusan 5,300. Don haka idan ana auna ku da yawan oda, a ajiye yawan kayan da aka dawo da su da bashin da ba a biya ba a gefensa.

A taro mai zuwa, kafin a kunna allo, ka roƙi akanta ya faɗi ranar da yake ɗaukar kaya a matsayin an sayar, kai ma ka faɗi taka, manaja ya zaɓi ɗaya a rubuta.