Likita na amsa: 'Yata tana yanka jikinta, an ce aljanu ne

Tambaya: Likita, yarona ɗan shekara tara yana cin farce har ya kai ga nama. Wannan ma cutar da kai ne? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: A'a Hajiya, yawanci sabo ne, kuma yara da yawa suna bari da kansu. Ki riƙa yanke masa farcen, ki lura da lokacin da ya fi yi. Kada a shafa masa barkono a yatsu, ido zai kai. Idan yatsa ya kumbura ko ya yi ruwa, a kai shi asibiti.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekarunta 15, tana aji huɗu a sakandare. Ran Juma'a tana alwala ta naɗe hannun riga, sai na ga zane-zane a damtsenta, wasu sun warke, wasu sababbi. Da na matsa mata ta ce ita ke yi wa kanta. Babanta ya zane ta, ya ce iskanci ne. Gwaggonta kuma ta ce shafar aljanu ce, wai akwai mai magani da ke fitar da su da bulala, a kai ta ta yi wata guda a wurinsa. Na rasa inda zan sa kaina. Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki ladan kula, domin uwaye da yawa ba sa gani sai an shekara ana yi. Kafin komai, don Allah kada a kai ta gidan nan, kuma kada a sake dukanta. A cikin makon nan nake so likita ya gan ta.

Abin da 'yarki ke yi sananne ne a wurinmu. Yakan fara ne tsakanin shekara 12 zuwa 14, kuma binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan matashi ɗaya cikin shida ya taɓa ji wa kansa ciwo da gangan, ko da sau ɗaya ne. A nan gida ma akwai shi, dogon hannu da hijabi ne ke rufewa, kunya kuma ta rufe bakin iyaye.

Na san abin da ke cin ranki: yaya mai hankali zai ɗauki abu ya ji wa kansa ciwo? Ki tuna ranar da aka yi miki babban rashi, yadda ƙirji ya cika har numfashi ya gagara. Ke kin samu kuka, kin samu 'yan'uwa sun kewaye ki, kin samu wanda ya dafa ki ya ce ki yi haƙuri. To akwai yaran da irin wannan cikar ƙirjin ke zuwa musu kullum, ba su da sunan da za su kira ta, kuma an saba musu da cewa yaro ba ya da damuwa. Idan fata ta ji rauni, jiki yakan saki sinadaran da ake kira endofin, masu dusashe zafi, hankali kuma ya bar zuciya ya koma kan ciwon. Sai mutum ya ji sakayau na 'yan mintoci. Abin da suke yawan faɗa mini a ɗakin duba marasa lafiya ke nan, cewa ji suke kamar an sauke musu tulu daga ka. Wasu kuma akasin haka ne, sun daina jin komai, ba daɗi ba baƙin ciki, sai su nemi zafi don su tabbatar suna raye. Akwai kuma masu hukunta kansu, saboda sun yarda cewa su ba su da amfani, ko su ne sanadin duk wata fitina a gida.

Sauƙin ba ya daɗewa. Kunya da tsanar kai ke biyo baya, ƙuncin ya dawo ya fi na da, ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta koyi hanyar da ta ba ta sauƙi jiya. Haka abin ke zama sabo. Yanzu ki duba inda bulala ta shigo. Yarinyar da take ganin ta cancanci azaba, aka zo aka yi mata azaba, an gaskata mata zatonta ke nan. Duka ba ya hana wannan abu. Yana koya wa yaro ya canza wuri, daga damtse zuwa cinya ko ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma ya daina gaya wa kowa komai.

Maganar gidan mai magani kuwa, wallahi tana ɓata mini rai. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyayensu ma gyara suka kai su nema. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana ɗaure mai irin wannan lalura da sarƙa ko azabtar da shi. Ki gaya wa gwaggonta cikin ladabi cewa addu'a ba wanda ya hana. A yi mata a gida, a tofa mata, ku yi azkar tare. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, kuma maganin wannan yana asibiti. Duk wanda zai ɗaga bulala a kan yarinya mai rauni a jiki, ko ya keɓe da ita wata guda ba idonku, ku guje shi.

Ga abin da za ki yi ke da kanki. Ki samu lokacin da gida ya yi shiru, ku biyu kaɗai, ko kina yi mata kitso ne, don ba sai kun haɗa ido ba. Ki fara da ciwon: ki ce ta kawo ki gani, ki wanke mata, ki ɗaure. Sannan ki ce, “Na ga kina cikin wahala, ban sani ba sai yanzu. Ba faɗa zan yi miki ba.” Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, ki daure. Idan ta ce ba komai, ki ce to, ina nan, gobe ki sake gwadawa. Kada ki ce me muka rage ki da shi, kada ki ce za ki ja mana abin kunya. Kada kuma ki sa ta rantse da Alƙur'ani cewa ta daina. Za ta rantse don ta faranta miki, ranar da ta kasa riƙewa sai ta ƙara wa kanta nauyin karya rantsuwa, ta ƙara ɓoyewa.

Akwai tambayar da dole ki yi mata kai tsaye: “Kin taɓa tunanin kashe kanki?” Na san bakinki zai yi nauyi. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Mafi yawan masu yanka jiki ba mutuwa suke nema ba a lokacin, amma haɗarin kashe kai ya fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, shi ya sa ba ma wasa da shi. Idan ta ce e, ko ta ce ta tsara yadda za ta yi, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Ko me ta amsa, yau ɗin nan ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona da tarin ƙwayoyin da ke gidan ki kulle.

A hankali kuma ki binciki tushen. Tsangwama a makaranta, faɗuwa jarrabawa, rikicin gida, maganar aure da ba ta so, wulaƙanci a waya, duk suna kawo shi. Wani lokaci, Allah ya kiyaye, wani ne ke taɓa yarinya kuma ya tsorata ta. Idan ta faɗi irin wannan, ki yarda da ita tukuna.

Daga Funtuwa, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya bai yi miki nisa ba, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ta haukace. Babban maganin zama ne da ƙwararre, ana koya mata gane abin da ke taso mata da yadda za ta jure shi har ya lafa. Ƙwaya takan shigo ne idan an samu ciwon damuwa ko fargaba tare da abin, kuma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba. Ki roƙi babanta ya raka ku. Sau da yawa fushin uba tsoro ne, idan ya ji bayani daga bakin likita yakan sauko. Za ta iya sake yi ko bayan an fara magani, kada hakan ya karya miki gwiwa. Ki je da ita, Hajiya, kada ki jira hutun makaranta.

Tambaya: Ƙanena ya yanke a hannu, maƙwabcinmu ya zuba masa man birki jinin ya tsaya. Akwai matsala? Daga Kontagora.

Amsa: Akwai. Man birki na mota ne, guba ne ga nama. Haka toka, ƙasa, kashin shanu da man goge baki. Sau nawa za mu faɗa? A wanke da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta minti goma ba ɗagawa. Idan jini bai tsaya ba, ko ciwon ya buɗe baki, ko yatsa ya mutu, asibiti nan take. Shi ma ku kai shi yau a wanke, a duba maganar allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Tambaya: Likita, ni namiji ne ɗan shekara 22. Idan raina ya ɓaci nakan naushi bango har hannuna ya fashe, wani lokaci in ƙona fatata. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na fara shan tiramol ko zan samu sauƙi. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, ka yi jarumta da ka rubuto. Abin da na gaya wa Hajiyar Funtuwa a sama ya shafe ka, a maza sau da yawa wannan siffar yake ɗauka, sai a ce zuciya ce kawai. Tiramol zai ƙara maka ciwo na biyu a kan na farko, yana kama mutum, yana kuma jawo farfaɗiya. Idan ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke shi rana ɗaya, likita zai rage maka a hankali. Idan abin ya taso, ka ba kanka minti goma sha biyar kafin ka yi komai: ka fita daga ɗakin, ka wanke fuska da ruwan sanyi, ka yi tafiya da sauri, ka kira wani. Yunƙurin yakan hau sannan ya sauka da kansa. Ka riƙa rubuta abin da ya faru kafin kowane karo, ka tafi da takardar asibiti. Ka zaɓi mutum ɗaya, aboki ko yaya, ka gaya masa. In tunanin mutuwa ya taɓa zuwa maka, kada ka kwana da shi, ka je asibiti a daren.

Tambaya: Idan mutum ya sha guba ko ƙwayoyi da yawa, gaskiya ne manja ko madara na karya ta? Daga Azare.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma wannan ɗurar ta kashe mutane. Manjan kan sarƙe mutum ya faɗa huhu. Kada a ɗura komai, kada a sa shi amai. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha, a ruga asibiti. Ko ya ce ya ji sauƙi a tafi: farasitamol idan ya yi yawa sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar hanta ke bayyana, maganinsa kuwa ya fi aiki a cikin awa takwas na farko.

Tambaya: Na daina ji wa kaina ciwo shekara biyu ke nan, alhamdulillahi, amma tabon yana nan kuma an sa ranar aurena. Man bilicin zai goge shi? Daga wata 'yar'uwa a Kumasi.

Amsa: Barka, ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Bilicin ba ya goge tabo, fatar gefe yake sirantawa ya ƙara fito da shi. Tabo yakan dushe da kansa a hankali. Idan ya tashi ya yi tudu ko yana ƙaiƙayi, likitan fata yana da allura da man silikon da ke kwantar da shi. Hidimar biki tana da gajiya da ɓacin rai, don haka idan kika ji tsohon yunƙurin yana dawowa, ki koma wurin likitanki tun kafin ranar.