Ga ƴar uwar da maganganun cima sunka ɗaure ma kai

Assalamu alaikum ƴar uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarki sai yanzu na samu zama. Kin ce wani ya ce ƙwai na toshe jijiya wani ya ce a ci kullum, wata ta ce ki bar tuwo da dare, wani bidiyo kuma ya ce man gyaɗa guba ne, har kin rasa abin da za ki ɗora ma iyali. Wallahi na san halin nan, na yi kusan shekara guda cikinshi.

Shekara huɗu ke nan da anka auna maigidana anka samu tansiyo, wato hawan jini, 17/10. Likita ya rubuta mishi magani ya ce a rage gishiri, iyakar abin da ya ce ke nan. Amma kahin sati ya zagayo kowa ya zama likita a gidanmu, wannan ta ce tafarnuwa da sahe, waccan ta ce ya bar nama kwata-kwata, abokinshi na kasuwa ya kawo wata kwalba wai tana wanke jini, ni kuma tsoro ya kama ni duk abin da na ji sai na ɗauka. Na hana nama, na hana mai, na hana hura, miya ta koma lami. Abin da ya biyo baya shi ne bawan Allah ya koma cin abinci a kasuwa, shinkafa da wake da yaji mai magi da tsire da marece, da munka koma awo tansiyo na nan inda take. Ranar na yi kuka sosai don na ɗauka iyakar ƙoƙarina na yi.

Wata ma'aikaciyar lahiya a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, ce ta zaunar da ni, Allah ya saka mata da alheri. Ba ta ce ci kaza bar kaza ba, cewa ta yi in lissafa mata abin da ke shiga cikinshi daga asuba zuwa kwana. Nan na ga inda gizo ke saƙa. Magi biyar nake sawa a tukunyar miya guda bayan gishiri, ga kanwa, ga yaji da shi ma an daka da magi da gishiri, ga shayi zagaye uku kowane da sukarinshi. Ta ce min OMS, wato hukumar lahiya ta duniya, ta ce babban mutum kada gishirinshi ya kai giram 5 a yini, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi da kilishi. Shi magi kusan rabinshi gishiri ne, kanwa ma sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. To kin ga ni ina can ina faɗa da nama da hura alhali ɓarawon na cikin tukunyar miya.

Daga nan na gane yawancin saɓanin nan ba wai wani ƙarya yake ba, magana ce da anka yi ma wani mutum daban sai ta yi yawo a WhatsApp ta zo kanki. Mai ciwon suga an ce ya rage tuwo da hura, daidai ne a gare shi, amma manomin da ya wuni yana huɗa a gona ko yaro mai girma ko mai shayarwa in kin hana su hura kin cuce su. Mai ciwon ƙoda akan taƙaita mishi nama da wasu ganyaye, ke mai lahiya ba ke anka nufa ba. Don haka duk maganar da ta zo min yanzu sai na tambayi kaina wa anka faɗa ma wannan. Sannan in duba ko mai maganar yana da abin saidawa a ƙarshen bidiyon, in dai ya tsorata ki da abincin da kakanninki sunka ci sannan ya nuna miki gari a roba da lambar waya, ki wuce kawai.

Wani lokacin kuma su masanan ne ke canza magana don bincike ya ƙaru, wannan ba abin kunya ba ne. Ƙwan da kike tambaya, da can ana tsoronshi sabili da kolestarol, wato wani irin kitse da ke taruwa a jijiyar jini, amma a ƙa'idar cimarta ta 2015 zuwa 2020 Amurka ta cire iyakar da ta sa ma kolestarol na abinci don an ga ga yawancin mutane kitsen nama da mai mai daskarewa sun hi ƙwai tada kolestarol na jini. Tsohuwar maganar da sabuwar duka suna yawo tare shi ya sa kike jin biyu. Ƙwai guda a yini ga mai lahiya ba komai, yara kuwa ki ba su, ki manta da zancen wai zai sa su sata.

Abin da ban taɓa jin wani likita ya saɓa a kai ba kaɗan ne, kuma shi na riƙe. Gishiri na riga na faɗa. Sukari, OMS ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, in an tsaya a 25 ya hi, to kwalbar lemu ƙarama guda tana da wajen giram 35, ki ƙara da na koko da na bisap da na hura da na shayin maza. Zuma ma sukari ce a jiki, kada a ruɗe ki wai mai ciwon suga ya sha yadda ya so. Sai ganye da ƴaƴan itace, giram 400 a yini, dankali da rogo ba su cikin lissahin. Nan ne nake jin takaici in na ga mata suna cewa cin lahiya sai mai kuɗi, don bidiyon ya nuna tuffa da wasu ganyen Turawa. Mu da ke Maradi! Zogalan Jiratawa na shigowa kasuwa kullum, ga yakuwa, rama, lalo, tafasa, kuɓewa, kuka, kabewa, lokacin sanyi ga kabeji da karas da salati da tumatir har a rasa mai saye, lokacin zahi ga mangwaro, ga goruba da magarya. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli da albasa abinci ne cikakke, sai dai ki sani zogala abinci ne ba ya maye gurbin maganin asibiti, na ga wadda ta aje ƙwayoyinta ta koma shan ruwan zogala, ƙarshenta sai da anka kwantar da ita.

Hatsinmu ma kada ki raina shi, ya hi farar shinkafa da makaroni ƙarhen jini da dusar da ke gyara ciki, in kuma kinka haɗa shi da wake ko nono kin samu abin gina jiki ko babu nama. Man gyaɗa ba guba ba ne, yawanshi ne matsala da kuma maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Abin tsoro a gyaɗa shi ne wadda ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci don ta sha danshi a ajiya, wannan tana da dahin da ke lalata hanta, ki tsince ki zubar kada ki ce asara. Tuwon dare kuwa ba dare ne laihin ba, malmala uku ne a kwanta nan take. Ai Manzon Allah (SAW) ya ce kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

A gidana abin da na yi, magi daga biyar na koma huɗu, bayan sati biyu uku, a hankali har guda, na ƙara daddawa da albasa da citta da busasshen kihi, ba wanda ya ce miya ta canza don harshe na sabawa in ba a yi mishi gaggawa ba. Tukunya guda nake yi ma kowa, ban ware mishi tashi ba. Shayi ya koma zagaye guda kuma ba kan abinci ba, don yana rage ma jiki ɗaukar ƙarhen jini, wannan ma masu ciki su kula. Nama yana ci daidai misali, hura yana sha da nono ba sukari. Maganinshi bai taɓa bari ba, yanzu awonshi na zama wajen 13/8, alhamdulillahi.

Ke dai ba ki faɗa mana ko akwai mai ciwo a gidan ba. Kahin ki hana kowa komai ku je ke da maigidan a auna tansiyo da sugan jini da sahe ba ku ci komai ba, tansiyo in tana kai 14/9 a awo daban-daban ko suga ya kai giram 1,26 a litar jini to likita ne zai tsara muku cima ba mu ba. In kin karɓo sakamakon ki dawo ki gaya mana, ki haɗo da yawan magin da kike sawa a miya da mutum nawa ke ci.