Amsa ga Kawu: Dalilin da Muka Riƙe Faransanci a Moncton

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ka tambaye ni abin da ya sa mu Hausawan da ke zaune a Moncton, birni a lardin New Brunswick na Kanada, muke kai 'ya'yanmu makarantun Faransanci, alhali a gida Nijar an ɗaga darajar Hausa a 2025, aka bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

A lardin New Brunswick na Kanada, Kawu, Faransanci harshen waɗanda aka zalunta ne. Su ne Akadiyawa, waɗanda Turawan Ingila suka raba da gonakinsu a 1755, suka loda su a jiragen ruwa suka warwatsa su ƙasashe. Zuriyarsu ta daɗe a baya wajen ilimi da aikin gwamnati, har sai da Louis Robichaud, ɗansu, ya zama firimiyan lardin a 1960. A zamaninsa aka kafa Jami'ar Moncton a 1963, sannan dokar 1969 ta daidaita Faransanci da Ingilishi a dukkan ayyukan gwamnati, abin da har yau babu wani lardin Kanada da ya yi irinsa.

Dokar ba a takarda kawai take ba. Makarantun Faransanci suna da hukumominsu daban, asibitoci ma suna da tasu mai suna Vitalité, kuma a ƙarƙashinta asibitin Georges-Dumont yake, inda maiɗakina ta haihu tana yi wa ungozoma bayanin ciwonta da harshen da ta koya tun firamare a Damagaram. Ma'aikacin gwamnati wajibi ne ya tarbe ka da gaisuwar harsunan biyu, kai ne za ka zaɓa. Ana samun sakaci, domin na taɓa zama kusan awa guda a wani ofishi ana neman mai jin Faransanci, amma akwai kwamishinan harsuna da ake kai wa irin wannan ƙara.

Hausa kuwa babu gwamnatin da za ta tsare mana ita a nan, saboda haka mun ɗora wa kanmu: da zarar yaro ya cire takalmin ƙanƙara a bakin ƙofa, Hausa zai yi, kuma ƙarshen mako akwai karatun allo. Ranar 15 ga Agusta muna fita da yaran kallon maƙwabtanmu Akadiyawa suna dukan tukwane da cokula a kan titi, don su shaida wa duniya cewa suna nan. A bara ƙaramar ɗiyata ta nace sai da uwarta ta ba ta murfin tukunyar tuwo.