Tambaya da amsa: In babbar ƙasa ta kawo sojojinta, tsaro zai dawo?

Tambaya: Malam, ni magidanci ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana na fari soja ne, yana can wajen Tillaberi, barci ma ba na samu sosai. A fadarmu kullum ana cewa Faransa da Amurka da gangan suka ƙi gamawa da ƴan ta'adda, wai da wata babbar ƙasa mai gaskiya za ta kawo jirage da sojojinta, wata shida ya isa. To me ya sa Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan ta fita hannu rabbana? Mu sa rai, ko kuwa?

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare yaron, ya maido maka da shi lafiya.

Sojan waje gwani ne wajen kifar da gwamnati da ƙwace gari. Kabul ta faɗi cikin mako biyar a 2001, Bagadaza cikin mako uku a 2003. A Janairun 2013 Faransa ta karɓe Gao da Tumbuktu na Mali daga hannun masu iƙirarin jihadi kafin watan ya ƙare. Riƙe garin bayan nan shi ne ke gagara. Rundunar da Amurka ta gina wa Afganistan ta kai kusan mutum 300,000 a takarda, amma da yawa sunayen bogi ne da kwamandoji ke cin albashinsu. Kuɗin albashin daga waje yake zuwa, masu gyaran jiragen ma ƴan kwangila ne na waje. Da suka tattara a 2021, jirage suka zauna ƙasa, sansanonin ƙauye suka rasa abinci da harsashi, Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agusta. A Iraƙi kuwa, Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora ya riƙe mulkin ƙasar, ya rusa rundunar sojanta a Mayun 2003, ya sallami dubban ɗaruruwan mutanen da suka san bindiga ba tare da abin yi ba. Wasu hafsoshinsu ne suka ƙarfafa Da'esh, wadda ta ci Mosul a 2014.

Yanzu maganar fadarku, domin ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ban ce baƙon ya zo don Allah ba. Kowace ƙasa da buƙatarta take zuwa, kuma mun ga abin da OTAN, ƙawancen sojan Amurka da ƙasashen Turai, ta yi a Libiya a 2011: an ba ta izinin kare fararen hula, aka ƙare da kisan Gaddafi, rumbunan makamai suka tashi ba mai gadi, ƴan uwanmu masu cirani a Sabha da Tarabulus suka dawo ba ko sisi, arewacin Mali ya kama wuta a 2012. Wannan fushin yana da hujja. Amma duk wanda ya ce "da gangan suka ƙi", yana nufin aikin mai sauƙi ne, baƙon kawai za a canja. Nan ne haɗarin. Masu aiko muku da murya a WhatsApp, waɗanda ba su taɓa taka Tera ko Bosso ba, su gaya mana: Tarayyar Sobiyet ma da gangan ta yi kusan shekara 10 a Afganistan, daga 1979 zuwa 1989, ta rasa soja kusan 15,000? A Mali an kori Barkhane, rundunar Faransa, a 2022, sojojin hayar Rasha na Wagner suka tsaya, aka karɓo Kidal a Nuwamban 2023, sai ga su an yi musu mummunar ɓarna a Tinzawatan a Yulin 2024. Tuta ta canja, ciwon yana nan.

Barkhane ta kai soja 5,100, ta kashe shugabannin ƴan ta'adda Droukdel na al-Ƙa'ida a 2020 da al-Sahrawi na Da'esh a 2021, duk da haka hare-hare suka ƙara bazuwa. Dalili kuwa, jirgi maras matuƙi yana kashe shugaba, amma ba ya raba rigimar burtali da rijiya. Makiyayin da aka sace wa shanu, in ya je gaban hukuma ya shekara yana zirga-zirga da cin hanci, ɗan bindiga kuwa ya maido masa da su cikin kwanaki, wa kake jin zai ba labari? Baƙon soja bai jin Fulatanci ko Zabarmanci. Da tafinta yake aiki, da mai tsegumin da zai iya nuna masa abokin gabarsa ya ce ga ɗan ta'adda. Bam ɗaya a kan taron biki sai ya tura samarin ƙauye guda cikin daji.

Inda abin ya yi aiki, manufa ɗaya ce ƙarama kuma hukuma na tsaye. Gambiya a Janairun 2017: akwai zaɓaɓɓen shugaba, sojojin CEDEAO suka matsa, Jammeh, shugaban da ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, ya fita. Japan da ake yawan kawowa misali, Amurka ta bar mata sarkinta da ma'aikatunta ne ta yi mulki ta hannunsu.

Saboda haka, Alhaji, in ka ji an sa hannu da kowace ƙasa, ka bar ƙidayar jirage. Ka tambayi wa ke gyaransu, kuma ƴaƴanmu nawa ake koya wa gyaran. Kayan gyara da mai, wa zai biya bayan shekara biyar? In an ji wa ɗanka rauni a daji, cikin awa nawa za a kai shi asibiti? Alawus ɗinsa yana isa hannunsa cikakke? Kuma garin da suka ƙwato, alƙali da malamin makaranta da likita sun koma, ko kuwa soja ne kaɗai zaune cikin kango yana jiran dare?