Ambulan yana ba ka lamba, amma ba ya faɗa maka daga ina ta fito

Ka ce kana da haɗin lodi arba'in a manhajar lissafin gini, wato hanyoyi arba'in na haɗa nauye-nauyen da gini zai ɗauka, ka gaji da buɗe su ɗaya bayan ɗaya kana neman wanda ya fi matsa wa bim, shin ba a iya ganin mafi girma da mafi ƙanƙanta a wuri guda? Ana iyawa, ɗana. Shi ake kira ambulan. A manhajojin ETABS da SAP2000 sabon haɗi za ka ƙirƙira, ka mayar da nau'insa ambulan maimakon tarawa, ka zuba sauran haɗe-haɗen a ciki. Manhajar sai ta bi kowane wuri a jikin bim ta tsinto lambar da ta fi kowace girma da wadda ta fi kowace ƙasa, ta zana maka layi biyu. Wannan aikin minti biyu ne.

Kafin komai, "mafi ƙanƙanta" ba yana nufin mara muhimmanci ba. Wadda ta fi nisa ta ɓangaren ragi ake nufi. A waɗannan manhajoji biyu, ja shi ne ƙari, danniya ita ce ragi, saboda haka nauyin da ya fi danne ginshiƙi a layin "mafi ƙanƙanta" yake zaune. Na ga yaron da ya karanta layin sama kaɗai ya tafi yana murna.

A kan bim mai ratsa ginshiƙai da yawa, ambulan abokin aiki ne. Layi ɗaya ya nuna maka rodin ƙasa a tsakiyar tazara, ɗayan ya nuna na sama a kan ginshiƙi, har da inda za ka iya yanke rodi. Sharaɗin dai shi ne ka loda tazara ɗaya ka tsallake ɗaya a cikin haɗe-haɗenka. Abin da ba ka zuba ba, ambulan ba zai ƙirƙiro maka ba.

Ginshiƙi ne inda ake faɗawa rami. A ce haɗin da aka ninka nauyin gini da 1.35, nauyin mutane da kaya kuma da 1.5, irin na Eurocode, ƙa'idar zanen gini ta Turai, ya ba ka danniya 900 kN (ma'aunin ƙarfi) da lanƙwasa 40 kNm (ma'aunin ƙarfin lanƙwasa). Haɗin iska, inda nauyin gini ya tsaya a 1.0, ya ba ka 350 da 110. Ambulan zai jera maka 900 kusa da 110, alhali ba su taɓa haɗuwa a kan ginshiƙin nan ba, kowace daga gidanta ta fito. Za ka ce ai shi ke nan, an yi riga-kafi. Ba lallai ba. Danniya, in ba ta wuce kima ba, taimakon kankare take yi wajen jure lanƙwasa, don tana rage jan da rodi zai ɗauka. To 350 da 110 na iya neman rodi fiye da 900 da 110. Haka lissafin fandisho yake, musamman a ginshiƙan kusurwa da iska ke son ɗagawa. Waɗannan sai a gwada su haɗi bayan haɗi, kowace danniya da tata lanƙwasar.

Kuma kada ka tara martanin fandisho, wato ƙarfin da yake tare gini da shi, daga ambulan ka ce za ka gwada da jimillar lodin gini. Da wuya ya yi daidai. Wannan binciken a lodi guda ake yinsa. Lotsawar bim ma nata ambulan daban, na lodin da ba a ninka ba.

Ni dai ban cika yarda da zane shi kaɗai ba. Tebur nake fitarwa zuwa Excel na duk haɗe-haɗen, in jera lambobin daga babba zuwa ƙarama, in duba sunan haɗin da ke gefen kowace. In na ga iska ce ke mulkin bim ɗin da ke can tsakiyar gini, sai in koma in binciki abin da na shigar. Gobe ka zo min da irin wannan tebur na ginshiƙan kusurwarka huɗu, mu duba tare.