Ciwon kwankwaso ga mai juna biyu: sanyi ne ko nauyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Cikina ya shiga wata 7. Tun watan jiya kwankwasona ke ciwo, musamman da marece bayan na ɗebo ruwa na gama daka. Uwar mijina ta ce sanyi ne, maƙwabciyata kuma ta ba ni ƙwayoyin diclofenac. In sha? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya. Kafin komai, ajiye ƙwayoyin nan. Diclofenac da ibuprofen suna iya taɓa ƙodar ɗan da ke ciki, su rage ruwan mahaifa, a watanni ukun ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiyar jini ta kusa da zuciyarsa tun lokacinta bai yi ba. In ciwon ya matsa, paracetamol ne mafi aminci: ƙwaya 2 masu miligiram 500, da tazarar awa 6, ki kuma gaya wa ungozoma ranar awo.

Da girmamawa ga Inna, yawanci ba sanyi ba ne, nauyi ne. Ƙasa tana jan jikin kowa dare da rana, ƙashin baya ne ke tokare wannan ja. Ƙasusuwa 5 na kwankwaso su ne suka fi shan kaya, domin duk abin da ke samansu a kansu yake. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke matsewa da yini, ya koma daidai in an kwanta. Shi ya sa ciwonki ya fi tashi da marece.

To ga ciki ya zo. Mace kan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin haihuwa: jariri wajen kilo 3, mahaifa kusan kilo 1, ga ruwa, ga mabiyiya, ga ƙarin jini. Kuma mafi yawan kayan nan a gaba suke. Ki riƙe bokitin ruwa a jikinki, sannan ki miƙa hannu da shi, za ki ji bambanci alhali ruwan bai ƙaru ba. Haka cikin ke rinjayar ki gaba, ke kuma ki gantsare don kada ki faɗi, lanƙwasar kwankwaso ta ƙaru, tsokokin baya su wuni a ɗaure. Tsokokin ciki da ya kamata su taya su sun riga sun miƙe. Ga kuma sinadarin relaxin da jiki ke fitarwa don sassauta gaɓoɓin ƙugu saboda haihuwa, sai wurin ya rage ƙwari.

Mun san wahalar ruwa a Damagaram, ba za mu ce ki zauna ba aiki ba. Amma jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ba kayan mai ciki wata 7 ba ne. Maigida ya nemo mai garuwa, ko yara su ɗebo. In ya zama dole, ki raba ruwan gida biyu, ki tsuguna da gwiwa, bayanki a miƙe, ki jawo kayan kusa da jikinki sannan ki tashi, ba tare da murɗa ƙugu ba. Daka a kai inji. Shara da gajeren tsintsiya da wanki a sunkuye su ma suna ci miki baya: ɗora bahon a kan benci. Goyon babban yaro a dakata da shi, haka hawan kabu-kabu a hanya mai gargada.

Wajen barci ki kwanta ta gefe, matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ciki. Daga mako na 28 a daina kwanciyar rigingine. In za ki tashi, ki fara sauke ƙafafu, ki tura da hannu. Tafiyar minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya tana taimakawa, haka gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ba mai ƙuna ba.

Akwai ciwon bayan da ba a jiran ranar awo da shi. In yana zuwa yana tafiya tare da ɗaurewar mara, wataƙila naƙuda ce ta zo da wuri. In da zazzaɓi ko zafin fitsari, ana tsoron ciwon ƙoda. Jini, fashewar faya, mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, duk a tafi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.